Ba Mu Kai Ta Juji Ba

Yusufu, Hannatu ta sauka! Mace ce. Tana da rai, tana da murya, tana kama nono kamar wadda ta yi doguwar tafiya ba guzuri. Na ɗauke ta da hannuwana biyu, ta damƙe mini ɗan yatsa ta ƙi saki, uwarka tana tsaye a kaina tana cewa ga wadda ta zo ƙwace mata tsoho.

Ka ga aikin murna. Na fara zuba labari ban ko gaishe ka ba, alhali malamin da ya koya mana rubutu ya sha gaya mana cewa da gaisuwa ake buɗe wasiƙa. To bari in koma baya in shigo ta ƙofa. Gaisuwa mai yawa daga mahaifinka, daga gidanmu na kwarin Tarka, zuwa gare ka a Damagaram. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta? Ina fata ƙafar nan da ƙaya ta soke ka lokacin girbi ta warke. Allah Ubanmu ya tsare ka a zango da kan hanya, ya haɗa ka da abokan tafiya na kirki, ya ba ka ruwa mai kyau da barci mai daɗi, albarkacin Yesu Almasihu. Uwarka tana gaishe ka. Hannatu tana nan lafiya, tana shan kunun kanwa, ana dafa mata ruwan wanka da itacen da ka tara kafin ka tafi. Tarin itacen nan ya kusa kamo rumbunmu a tsayi. Duk wanda ya shigo barka sai ya tsaya ya dube shi, ya ce wannan miji ya san aikinsa.

Ban manta abin da ka ce ranar da ka fita ba. Ka tsaya bakin danga da buhunka a kafaɗa, ka ce kada a aiko maka da labari, mai daɗi ko marar daɗi, sai abin da ke cikin Hannatu ya taka ƙasa da ƙafarsa. Ka ce daga Damagaram za ka bi ayari zuwa Kano, in aiki bai samu a can ba ka ƙara gaba. Ban hana ka ba, don na san abin da ya kore ka. 'Ya'ya biyu kuka haifa, ba wanda ya kai yaye, kuma kai ka ɗauki kowannensu zuwa makwancinsa. Amma yau na karya maganarka da sanina. Agali mai raƙuma zai sauka Damagaram da gero, ya yi mini alkawari zai neme ka a zango kafin ayarinku ya ɗaga. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san da furfura na shiga ajin yamma, can ƙasar Zazzau inda yunwa ta kai mu, kai kana yaro kana karanta layi guda, ni ina kokawa da baƙi ɗaya. Har yau hannuna ya fi sanin ƙotar hauya.

Bari in gaya maka yadda aka yi, don daga nan maganata ta taso.

Da hantsi ne, mata suna sussuka a bayan danga. Gwaggo Tabawa, yayar uban Hannatu, ita ta karɓi haihuwar, kamar yadda ta karɓi biyun farko. Ni ina zaune gindin aduwa wai ina gyaran igiyar guga, ban san ma abin da nake ɗaurawa ba, sai na ji kuka. Can an jima Tabawa ta fito, ta nufi inda muke jibge tarkace, ta ɗauko sakaina tana kakkaɓewa.

Na ce, "Tabawa, ina za ki da fasasshiyar ƙwarya?"

Ta ce, "Inda aka kai naka. Kai ne za ka tambaye ni?"

Ka san al'adar, amma ban taɓa zama na gaya maka ita da bakina ba. Idan 'ya'yan mace suna ta mutuwa, wanda aka haifa bayansu sai a sa shi a sakaina, a kai shi juji, a ajiye cikin toka da shara, kowa ya juya baya kamar ba a so. Sai wata tsohuwa ta gitta ta ce ta yi tsintuwa, ta dawo da shi gida. A sa masa suna irin na abin yarwa. Wai don abin da ke ɗauke yara ya ga wannan ba shi da mai so, ya wuce. Haka aka yi maka. Shi ya sa har yau tsofaffin garin nan ba su san Yusufu ba, Ajuji suka sani.

Kafin in buɗe baki sai muryar Hannatu ta fito daga ɗaki, a gajiye amma sarai.

"Gwaggo, ajiye sakainar nan, a riƙa zuba wa kaji ruwa a ciki. 'Yata ba shara ba ce. Ina son ta."

Tabawa ta ruga bakin ƙofa tana magana ƙasa-ƙasa. "Ke, rufe bakinki. Ana ji."

"A ji, Gwaggo. Wanda ya ba ni ita ya riga ya sani."

Kada ka ga laifin Tabawa. Ita ta wanke biyun nan ranar zuwansu, ita ta wanke su ranar tafiyarsu. Ta tsaya da sakaina a hannu, hawaye yana bin tsagar fuskarta. Sannan ta wurga ta gefen akurki, ta juyo kaina, don ka san Tabawa ba ta yarda ta sha kaye ita kaɗai.

Ta ce, "To, na ajiye. Amma ku masu karatu kada ku yi mini kallon jahila. Ɗanka ya fi ni iya wannan aiki. Ni bayan danga kawai zan kai ta, in dawo da ita kafin ruwa ya tafasa. Shi tun tana ciki ya juya mata baya, har Damagaram."

Na bar ta nan, Yusufu. Na koma gindin aduwa maganar tana ta juya mini. Gaskiya ta faɗa. Rumbunmu a cike yake bana, ba yunwa ce ta fitar da kai ba. Kana yi ne kamar ba ka so, don kada a ƙwace. Kuma na san inda ka koyi wannan, a wurina ka koya. Shi ya sa ba zan yi maka faɗa ba. Zan dai gaya maka irin wautar da na yi, ka ɗauki abin da zai amfane ka.

Ta farko abin dariya ce, har yau uwarka tana ba baƙi labarinta. Shekarar da muka dawo gida daga ƙasar Zazzau, irin da muke da shi ɗan kaɗan ne, wanda 'yan'uwa suka tsakuro mana. Damina ta yi nauyin zuwa, hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Sai na yi binne kamar kowa: na sara busasshiyar ƙasa, na zuba gero, na rufe da ƙafa, don ruwan farko ya same shi a ciki. Kowa ya yi nasa ya koma gida yana gyaran rufin ɗaki. Ni na kasa. Kullum da safe sai in tafi gona in durƙusa in tone rami, in ga ko irin yana nan, ko tururuwa ta kwashe, ko zafin ƙasa ya ƙone shi. In na gan shi sai in rufe, in ce bari in duba na gaba. Abin da ban lura da shi ba, zabin daji suna kan tudu suna kallona. Ƙasar da aka take ta kwana, iska ta share ta, ba su san inda iri yake ba. Amma wadda na tona na mayar, a sake take, launinta ma daban. Ina barin gona suna sauka. Da ruwa ya zo, gefen da ban cika zuwa ba saboda nisa, can wajen kwari, ya fito layi-layi gwanin kyau. Gefen da na fi kula da shi, na kusa da gida, ya fito kamar bakin tsoho, nan haƙori can giɓi.

Uwarka ta tsaya bakin gonar ta riƙe ƙugu, ta ce, "Maigida, baɗi ka shuka wa zabi tasu gonar daban, ka huta da yi musu jagora."

Abin da na koya a gonar nan, akwai aikin da yake naka, akwai wanda ba naka ba. Naka shi ne ka zaɓi iri, ka sara, ka zuba, ka rufe. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa ba a ba ka shi ba. Damuwa takan zo da kamannin kula. Takan ce maka kai ne mai hankali, waɗanda suka koma gida suka yi barci sakarkaru ne. Amma ka dubi abin da take bari a bayanta. Kai ka tara itace, ka gyara ɗaki, ka je kasuwar Belbeji ka sayo kanwa da sabuwar tabarma. Wannan naka ne, kuma ka yi shi da kyau. Abin da ya rage ba naka ba ne. Na san ka, jikinka yana zango, amma duk safiya zuciyarka tana nan a durƙushe tana tone rami.

Ta biyu ba ta dariya ba ce. Kafin kai akwai wata yarinya. Ba ka san ta ba, ba ma yawan zancenta. Ta zo mana ne bayan mun rasa biyu, kamar yadda wannan ta zo muku. Lokacin ba mu san Yesu ba. Aka kai ta juji, aka sa mata Ayashe. Ni kuma na ƙara da nawa. Na ce ba zan ɗauke ta ba, ba zan dubi fuskarta ba, sai ta yi tafiya. In na shigo gida na ji tana gwaranci, sai in kau da kai in wuce wajen awaki. Uwarka takan ce, "Ga ta nan tana miƙo maka hannu." In ce ina da aiki. A tsammanina garkuwa nake yi wa kaina: in ta tafi ba zai yi zafi ba, tunda ban saba da ita ba.

Ta fara rarrafe ke nan zazzaɓin kaka ya ɗauke ta. Yusufu, zafin bai ragu ko kaɗan ba. Abu ɗaya ne ya ragu. Uwarka tana iya gaya maka yadda kunnenta yake, da ɗan baƙin tabon da ke wuyanta, da yadda take ƙyalƙyala dariya in akuya ta yi atishawa. Ni ba ni da komai. Na nemi fuskarta a zuciyata shekara da shekaru ban samu ba, don ban taɓa ajiye ta a can ba. Yayyenta biyu da na ɗauka na yi wa wasa, su ina ganinsu har yau, kuma tunawa da su ba ciwo ba ne kaɗai, akwai daɗi a ciki.

Jujin da aka kai ta shi aka kai ka, ga ka yau da gemu. Ita kuwa ta tafi. Juji bai riƙe kowa ba, bai saki kowa ba. Kau da kaina ma haka. Don haka ina roƙonka, kada ka fara zaman makoki a kan wadda take tsotso. Kwanakin da aka ba ta, ko kaɗan ne ko har ta ga jikokinta, ba ka da wata hanyar samunsu sai kana wurin.

Ni dai wannan karon na ƙare mata kallo. Na zauna bakin ƙofa aka miƙo mini ita, na dube ta tun daga maɗiga har tafin ƙafa, ban yi sauri ba. Goshinka ne da ita, ba tambaya. Tana da gashi kwance, baƙi wuluk. In za ta yi hamma sai ta fara ɓata fuska kamar an yi mata laifi. Sauran ba zan gaya maka ba.

Ta uku kai na yi wa, kuma bayan na zama mai bi ne, shi ya sa ta fi nauyi. Lokacin da ɗanka na biyu ya kwanta ciwo, ka same ni a gona idonka ja. Na dafa kafaɗarka na ce, "Wannan ba zai mutu ba. Mun yi addu'a." Na faɗa da ƙarfi kamar wanda aka aiko. Ba wanda ya aiko ni. Tsorona ne ya yi magana, ya ari sunan Allah. Na cire layu daga wuyana tun a ƙasar Zazzau, amma ban sani ba ashe na mayar da addu'a laya: wai in an yi ta daidai, an yi ta da yawa, dole abu ya bi. Da yaron ya tafi na ga irin kallon da ka yi mini. Tun daga ranar kana zama tare da mu lokacin addu'ar yamma, amma bakinka a rufe. Ka gafarta mini. Allah bai yi maka ƙarya ba. Ni na yi maka alkawarin da bai ba ni ba.

Saboda haka ko ka karanta wasiƙar nan daga sama har ƙasa, ba za ka ga inda na ce yarinyar nan za ta rayu ba. Ban sani ba. Ina roƙo safe da yamma, kuma ba zan daina ba. Abin da na sani shi ne, wanda muke roƙo, Yesu, ba baƙo ba ne ga kabari. Ya tsaya bakin na abokinsa ya yi kuka a gaban jama'a, bai ji kunya ba. Shi kansa an sa shi a ciki, ya fito. Uban nasa kuma ya san abin da ake ji in an sa ɗa a ƙasa. Biyun naka da ukun nawa suna hannunsa. Ba su faɗa hannun wani abu mai yawo yana neman yaran da ake so ba. In haka ne, wa muke ɓoye wa ƙaunarmu? Kwanciyar ran da na samu da tsufana ba ta hana komai faruwa ba. Abin da ta yi, ta sauke ni daga gadin da ba wanda ya sa ni.

Kada ka ce tsohon nan ya gama da damuwa. Har yau nakan tashi da ita. Ga lanho, harajin nan na Turawa, yana tafe. Gardi, ɗan sandan Turawa, zai zo a kan doki ya tsaya ƙofar mai gari, ya ce kwamanda yana son mutane su je gyaran hanya. Rijiya tana ƙara zurfi duk rani, igiya tana ƙara tsawo, ƙarfina yana raguwa. Fari na iya sauka kowace shekara. Kuma ka san wadda ta fi cin raina tun dawowarmu: mu kaɗai ne masu bin Yesu a duk kwarin nan, daga nan har Tenhiya ban san wani ba. Nakan ce, ranar da mutuwa ta shigo gidan nan, wa zai taya mu haƙa? Na kai wannan tambaya gona, na kai ta kasuwa, na ci tuwo da ita. To ka tuna ranar da ta shigo. Kafin mu gama naɗe yaron a zane, Malam Ilu maƙwabcinmu ya riga ya fita da 'ya'yansa da dagi. Shi da kullum in mun haɗu bakin rijiya yake ce mini, "Ishaya, yaushe za ka dawo hanya?" ni kuma in ce masa ai ina kanta, shi nake jira. Ranar nan bai tambaye ni komai ba. Ya haƙa, ya tsaya gefe har muka gama addu'armu, ya rako mu gida. Duk shekarun da na yi ina ɗauke da wannan kaya, ashe Allah ya riga ya ajiye amsar a bayan dangata, tana kiwon tumaki tana tsokanata.

Ga abin da nake yi yanzu, ko zai yi maka amfani a hanya. Da ƙuruciya, kafin in yi aure, na bi ayarin Abzinawa. Abu ɗaya da ban taɓa gani ba shi ne a bar kaya a bayan raƙumi ya kwana, don wai gobe ma za a ɗora. Ko an iso a gajiye, ko za a tashi da wuri, sai an durƙusar da shi an kwance an sauke. Wanda aka bar wa kaya, bayansa yakan yi gyambo, kuma gyambon ne yake kashe shi, ba nisan hanya ba. To ni ma in rana ta yi ja, bayan an shigo da awaki, nakan zauna in sauke. Ban iya dogayen kalmomi irin na malamai ba. Nakan kira kowane kaya da sunansa. Ubangiji, ga lanho. Ga rijiya. Ga gwiwar matata. Ga Yusufu. In ce na sauke a gabanka, kai ne mai gadi, ni zan kwanta. Da safe wani kayan yana nan, in ɗauka, don ba a ce za a raba mu da kaya ba. Wani kuma in tarar ba ya nan. Wata rana ina saukewa hannuna yana komawa yana ɗauka, sai in sake saukewa. Bai taɓa gajiya da ni ba. Shi ne ya nuna mana tsuntsaye, ba su da rumbu amma ba su kwana da yunwa. Ni da na ciyar da zabi rabin gona, shaida ne, lalle ana ciyar da su.

Haka ma karatun nan da nake rubuta maka da shi. Sau da yawa na so in bari, in na dubi yawan abin da ban sani ba, ga yara suna dariyar gemuna. Malamin ya ce mini, "Baba, ba a ce ka koyi duka yau ba. Baƙin yau kaɗai aka ba ka." Da baƙin yau, da baƙin yau, ga shi yau na aiko maka da jika a takarda.

In ka ce sai ka wuce Kano, ba zan ɗaure ka ba. Namiji yakan fita nema, ni ma na fita. Amma akwai tafiya, akwai gudu, kuma ƙafa ɗaya ce take yin su, mai yi ne kaɗai ya san wanne yake yi. Mai tafiya in ya sami inuwa yakan huta. Mai gudu ko ya kai bakin teku abin yana tare da shi, don a ƙirjinsa yake. Ka tambayi kanka a gaban Allah, ba a gabana ba. In tafiya ce, ka zo ka ga 'yarka, ka sa mata albarka, sannan ka tafi da fuskarta a zuciyarka. Wani ayarin zai tashi, Kano kuma tana nan inda take. In ka je, ka nemi masu bi ka zauna da su ranar Lahadi ko su kaɗan ne. Kada ka ɓoye abin da kake, kada kuma ka mai da shi abin faɗa. Wanda ya ba ka ruwa ka gode masa, ko ina yake duba in zai yi salla. Ka riƙa cin abinci, don na san halinka, in ranka ya ɓaci sai ka ce ba ka jin yunwa. In addu'a ta ƙi fita, kada ka tilasta ta. Ka zauna shiru ka ce ga ni. Yana jin wannan ma.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na tsayar da Agali alhali raƙumansa sun riga sun miƙe. Yarinyar ba ta da suna. Mutane sun fara tambayar yaushe ne suna, Malam Ilu har ya ware mana rago daga cikin nasa. Uwarka tana da suna a baki, ni ma ina da nawa. Tabawa ta ce tunda an hana ta Ayashe, ita ta cire hannu. Amma Hannatu ta ce ba wanda zai raɗa wa 'yarta suna sai ubanta ya ɗauke ta ya dubi fuskarta.

Na ce, "'Yata, in ranar suna ta wuce fa? Gari zai yi magana."

Ta ce, "Baba, gari ya yi magana da muka rasa biyu, ya yi magana da ya tafi. Su ƙara da wannan."

Na ce, "In kuma ya wuce Kano?"

Ta gyara wa jaririyar zane. Can ta ce, "Sai ta jira. Ni ma jira nake."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce in rubuta maka wannan ba. Ni na ga ya kamata ka sani. Ita ma ta rasa biyun nan, Yusufu. A jikinta ta ɗauke su, kuma ita ba ta da wata Damagaram da za ta je.

A yanzu kowa da abin da yake kiran yarinyar. Uwarka tana ce mata Baƙuwa, ni ina ce mata amaryata. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Na gaskiyar yana bakinka.

Allah ya tsare ka daga ɓarayin hanya, da ciwo, da mugun aboki. Ya tsare ka daga tunanin nan da yake cin mutum in yana shi kaɗai. Salamar Yesu ta sauka a ƙirjinka ta zauna, ko wace hanya ka bi, ya kuma dawo mana da kai lafiya. Uwarka ta ba Agali ƙunshin garin gero da cuku, ta ce ka ci a gabansa, zai kawo mata shaida. Ka gai da mai masaukinka da iyalinsa.

Ni ne mahaifinka, Ishaya.

Na kusa mantawa. Agali ya ce in ya sauke geron, raƙuman za su dawo ba kaya, bayan raƙumi ɗaya naka ne in kana so. Kuma kada ka zo kai kaɗai. Ka gaya wa mai masaukinka, ka gaya wa 'yan'uwa masu bi na Damagaram ko su nawa ne, ka gaya wa abokan zango da duk wanda ka tarar bakin rijiyar Belbeji. Akwai gero, akwai rago, akwai itacen da zai dafa wa gari guda. Ba mu ɓoye ta ba, ba mu kai ta juji ba. Tana ɗakin uwarta a kan sabuwar tabarmar da ka sayo, an ɗage asabarin ƙofa. Ku zo dukanku, ku ga yarinyar da ake so.